Bayan Ɗaukewar Ruwa a Rafukan Gwantu

Kawuna yana da sandar fatsa guda biyu. Ɗaya gajera ce mai kauri, ita yake fita da ita da damina, sa'ad da rafi ke tafe da jan ruwa kamar kunun kanwa. Sai ya ɗaura mata darma da totuwar kara, ya soka tana a ƙugiya, ya nemi gindin itace ya zauna jiran tarwaɗa. Ɗayar kuwa doguwa ce siririya, ta gora, tana soke a jinkar rumbu wata bakwai ba mai waiwayarta. Ranar da ya zaro ta ya hure ƙurar da ke jikinta, ya lanƙwasa kanta a hankali yana sauraron ko za ta yi ƙara, to ko ba a faɗa ba mun san ruwa ya ɗauke. Wajen farkon Nuwamba ke nan, an fara yankan shinkafa, dawa ta sunkuyar da kai, sanyin safiya ya fara tsattsage leɓe.

Wanda bai san Gwantu ba, gari ne a kudancin jihar Kaduna, hedikwatar ƙaramar hukumar Sanga, a kan hanyar da ta taso daga Akwanga ta bi ta Fadan Karshi, can gaba mai zuwa Jos zai hau tudu, mai zuwa Kafanchan kuma ya karkata ta Gidan Waya. Ƙasa ce ta Numana da Ninzo da Ayu da maƙwabtansu, da Hausawa da Fulani da suka daɗe a cikinsu, kuma Hausa ce harshen da ke haɗa kowa a kasuwa. Ruwan sama yana sauka mana tun Afrilu har Oktoba, fiye da abin da Kano ko Katsina ke gani nesa ba kusa ba. Rafukanmu daga gindin tsaunukan Filato suke gangarowa, su ratsa kurmi da fadama, su nufi kudu wajen kogin Mada, shi kuma ya kai su Binuwai. Ba mu da babban kogi irin na Yawuri ko Ibi, ba mu da masunta masu jirage da taru. Abin da muke da shi manomi ne wanda ya san rafin bayan gonarsa kamar yadda ya san tsakar gidansa.

Da damina kifi yakan hauro daga ƙasa, ya bi ambaliya ya shiga fadamu da ciyayi, ya zuba ƙwai inda ruwa ke da ɗumi da abinci. Idan ruwa ya fara ja baya, sai manya da 'ya'yansu su juyo, su taru a wuraren da rafi ya yi zurfi, waɗanda muke kira gurbi, galibi a ƙarƙashin dutse ko a gwiwar rafi inda saiwoyin manyan itatuwa suka riƙe gaɓa. Tsakanin wannan gurbi da wancan sai ka ga ruwa ya koma ɗan siriri, iyakar idon sawu, yana bi ta kan tsakuwa. Laka ta kwanta. Ruwan ya yi garau, har kana iya ƙirga duwatsun ƙasa. A nan ne kamun kifi yake komawa wani abu daban.

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya, wajen tsakiyar shekarun 1980, Kawu ya fara yarda in bi shi da siririyar sandar. Aikina na farko kamun fara. Kafin rana ta yi zafi, raɓa ta jiƙa musu fiffike ba sa iya tashi, sai in bi kunyar gyaɗa da aka cire ina tsince su ina zubawa a gwangwanin madara da aka huda wa murfi. Kawu ba ya son manya. Ƙananan korayen nan yake so, masu tsawon gaɓar yatsa. Ya cire darma, ya cire totuwa, ya bar zaren nailan mafi siranta da ya samu a kasuwa da ƙugiya ƙarama. Yakan soka farar ta bayan wuya, a hankali, don kada ta mutu, ƙafafunta su ci gaba da harbi.

Da muka doshi gurbin, sai ya dafa kafaɗata ya danna ni ƙasa.

“Ɗan nan, ina rana take?”

Na nuna masa bayanmu.

“To ina inuwarka za ta faɗa?”

Na dubi ruwan, na gane. Muka zaga ta cikin ciyawa har muka fuskanci rana, sannan muka rarrafa da gwiwa zuwa bayan wani dutse. Daga nan na leƙa. Kawara ce garke guda, sun fi ashirin, suna tsaye cikin ruwa kawunansu na kallon inda ruwan ke fitowa, jelarsu ja-ja tana kaɗawa kaɗan-kaɗan. Ƙasa da su, kusa da yashi, wasu karfasa biyu suna kiwo. Ban taɓa ganin kifi a gidansa haka ba, yana harkarsa bai san da mutum ba. Kawu ya miƙa sandar ta saman dutsen, bai wurga ba, ya dai saki farar ta faɗa can sama da garken, kamar iska ce ta kaɗo ta daga ciyawa. Ruwa ya ɗauko ta tana harbe-harbe. Ɗaya daga cikin kawarar ta rabu da 'yan'uwanta, ta taso, ta bi farar kamar taku biyu tana dubanta, sannan ruwan ya fashe. Kan gorar ya lanƙwashe, sai ga azurfa tana walƙiya a sama.

Da ya ba ni sandar, ɗoki ya sa na miƙe tsaye. Kafin farar ta taɓa ruwa gurbin ya zama wayam, kamar an share. Kawu bai yi faɗa ba. Ya ce, “Ka ji ana cewa kifi na ganinka mai jar koma? Ba wasa ba ne. Da damina kai kake nemansa a makance. Yanzu shi ma yana da ido.” Muka zauna a inuwa kusan rabin sa'a ba magana, har suka manta da ni suka dawo.

Shekaru da yawa bayan haka, ina aiki a Kaduna, wani abokin aikina ya nuna mini bidiyo a wayarsa: Bature tsaye cikin kogi, ruwa iya gwiwa, yana kaɗa doguwar igiya a sama gaba da baya kafin ya sauke ta. Ya ce ai wannan wani salon fatsa ne na masu kuɗi a Ingila da Amurka, ba sa sa tana ko fara, ƙugiyar suke yi wa ado da gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro, nauyin igiyar ne ke kai ta inda ake so. Na karɓi wayar na kalla har sau uku. Yadda mutumin ya sunkuya, yadda ya zaga don gudun inuwarsa, yadda ya jefa sama da kifin ya bar ruwa ya kawo masa, duk na san su. Da na bi diddigin abin daga baya, sai na tarar shawarar da gwanayensu ke bayarwa idan ruwa ya ragu da kaka ita ce ta Kawu: a rage kaurin zare, a rage girman ƙugiya, a rage motsi, a fito da sassafe ko da yamma. Har ƙwaron roba mai siffar fara suna da shi. Masu wannan salo suna biyan kuɗi mai yawa su zo kogin Faro a arewacin Kamaru da rani, don giwan ruwa da tsage, irin kifayen da masuntan Binuwai suka sani tun kaka da kakanni.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a cikin abin da na karanta wata doka ce ta jihar Montana a Amurka. Idan ruwan kogi ya ragu, zafinsa ya kai kusan digiri 23 kwana uku a jere, hukuma takan hana kamun kifi a wurin daga ƙarfe 2 na rana har tsakar dare. Dalilinsu shi ne ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar da kifi ke shaƙa kamar ruwa mai sanyi, kifin yana cikin wahala tun kafin ƙugiya ta same shi, ko an sake shi ba lalle ya rayu ba. Wato sun gane cewa lokacin da kifi ya fi sauƙin kamu, lokacin ne ya fi bukatar a ɗaga masa ƙafa. Mu ma mun taɓa sanin haka, ba tare da ma'aunin zafi ba.

A rafinmu akwai gurbi ɗaya, mafi zurfi, ƙarƙashin wani kurmi mai duhu inda ko da tsakar rana sanyi ke ratsa mutum. Kawu ba ya jefa ƙugiya a ciki daga ɗaukewar ruwa har saukar wani. Ba shi kaɗai ba, duk unguwar. Mu yara an tsorata mu da cewa akwai abin da ke zaune a ciki, kuma na san a cikin dattawa akwai waɗanda suka gaskata haka har zuciya. Da na ƙara wayo na tambaye shi gaskiyar maganar. Ya ce, “Kai da ka ga ana cinye dawa duka har da ta iri? Wannan rumbun iri ne.” Kifin da ya tsira a wannan gurbi cikin watan Maris, sa'ad da sauran rafin ya koma yashi da ƙananan kududdufai, shi ne zai hau fadama da ruwan farko ya cika rafin da 'ya'ya.

Sauran guraben kuwa ana cin su, amma da tsari. Mata da yara sukan tare ƙaramin gurbi da laka da duwatsu, su kwalfe ruwan da ƙwarya, su tsinci tarwaɗa da kurungu da ƙaguwa a cikin taɓo, a koma gida an yi buɗu-buɗu ana dariya. Manyan gurabe sai an sa rana. Mai unguwa ya yi shela, a fito gaba ɗaya, mai zuwa coci da mai zuwa masallaci, kowa da homarsa ko kwandonsa, a shiga tare a fito tare. Ba zan ce zamanin ba shi da aibi ba. Ana daka ganyen majimfa a zuba a ruwa, kifi ya bugu ya taso, kuma majimfa ba ta tambayar babba ko ƙarami. Sai dai ƙarfinta yakan mutu cikin 'yan kwanaki idan rana ta doke ta, sau ɗaya ake yi a shekara, a wurin da aka amince, kuma ba a kai ta rumbun iri. Abin da ya sa bikin Argungu ya yi suna a duniya ke nan, in an duba da kyau. Tun zuwan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu garin a 1934 ake yin sa, hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, amma manyan giwan ruwan da ake ɗagawa a gaban kyamara ba za su samu ba in da ba a killace kogin Matan Fada an hana taɓa shi sai ranar da Sarkin Ruwa da sauran masu alhakin kogin suka buɗe ba. Namu ƙaramin su ne na ƙauye, babu baƙi babu kalangu, amma tushen ɗaya ne.

Na ga ranar da abin ya fara lalacewa, da idona. Wata safiya ce cikin Janairu, ina makarantar sakandare na zo hutu. Mata suka dawo daga ɗiban ruwa da tuluna wayam suna salati da kiran sunan Allah. Muka ruga. Gurbin nan da ba a taɓawa ya yi fari fat da cikin kifi. Manyan an kwashe su cikin dare. Abin da aka bari ƙanana ne, dubbai, wasu ba su kai ƙumba ba, da kwaɗi, da ƙaguwa, har da wani maciji a gefe. Wari mai hawa kai yana tashi, irin na ɗakin ajiyar maganin ƙwari. A cikin ciyawa aka tsinci gwangwanin Gammalin 20. Kawu ya tsuguna ya ɗebo ƙananan kifayen a tafin hannunsa ya daɗe yana kallo. Bai ce komai ba har muka iso gida, ranar kuma bai ci tuwo ba.

Wannan magani an kawo shi ƙasar nan ne don ƙwarin koko a kudu maso yamma. Gubar da ke cikinsa, wadda ake kira lindan, ba ta mutuwa da wuri kamar majimfa, tana zama a laka da kitsen kifi, ta shiga jikin wanda ya ci. Dokar kamun kifi ta cikin ƙasa ta 1992 ta haramta kamun kifi da guba da nakiya da lantarki, kuma a 2009 yarjejeniyar Stockholm ta sa lindan cikin magungunan da duniya ta amince a daina. Duk da haka ban taɓa jin an gurfanar da wani a yankinmu kan zuba wa rafi guba ba. Wanda ya yi na ranar nan ma an san shi, ɗan gari ne, aka kai magana gaban manya, aka yi ta a rufe saboda zumunci. A ganina a wannan zaman ne aka yi asarar rafin, fiye da daren da aka zuba maganin. Da yara suka ga an taɓa gurbin, abin da ake cewa yana ciki bai kama kowa ba, dattawa ma ba su kama kowa ba, sai tsoron ya fita, kunyar ma ta bi shi.

Abin da ya biyo baya bai zo da wari ko gawar kifi ba, a hankali ya zo. Gidan sauron da aka fara rabawa kyauta gida-gida daga 2009 don yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, wasu suka ɗinke shi ya zama koma, kuma idonsa ba ya barin ko ƙwan kifi ya wuce. Maganin ciyawa ya maye gurbin fartanya, mai feshi kuma in ya gama a rafi yake wanke goyonsa. Tifofi suka shiga ɗibar yashi don ginin bulo. Masu zarton inji da masu gawayi suka bi kurmin bakin rafi, wanda shi ne ke yi wa ruwa inuwa, saiwoyinsa ke riƙe gaɓa, ganyensa ke zubo ƙwarin da kawara ke ci. Da itatuwan suka tafi, gaɓa ta zube, yashi ya cike gurabe. Wurin da ya shanye dogon mutum har da hannunsa a sama, yau yaro yana tsallaka shi da wando a naɗe.

Sai injin ban ruwa. A nan dole in yi adalci, domin 'yan'uwana ne ke noman rani, kuma tumatir da barkono da masarar da suke fitarwa su ne kuɗin makarantar yara da na asibiti. Mutane sun ninka, gona ba ta ƙaru ba. Ba zan tsaya gaban mai iyali goma in ce masa ya bar amfaninsa ya ƙone saboda karfasa ba. Amma inji ɗaya yana iya tsotse gurbin da mata ashirin za su yini suna kwalfa cikin sa'a biyu, kuma akwai masu kai shi rafi musamman don su busar da gurbi su kwashe abin da ke ciki. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iska da ita, tana iya jure taɓo na ɗan lokaci. Kawara da karfasa ba su da wannan gata. Shi ya sa in ka tambayi yaran yanzu kifin rafi, tarwaɗa kawai za su ambata.

Akwai kuma abin da ba ruwan kifi da shi. Tun hare-haren da aka kai Fadan Karshi da ƙauyukan kewaye a watan Yunin 2014, mutane suka rage nisa cikin daji, musamman da asuba da almuru, lokutan da mai fatsa ya fi so. Su na gayya da ke haɗa unguwanni ya mutu a wurare da dama, domin sai da yarda ake shiga ruwa ɗaya da mutum. Yanzu kifin miyar yawancin gidaje a kwali yake zuwa, daskararre, daga tekun wasu ƙasashe, ko kuma daga tafkin siminti na masu kiwon tarwaɗa. Jami'an gwamnatin tarayya sun sha faɗin cewa Najeriya na bukatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na hakan ba sosai. Rafin bayan gidanmu bai taɓa shiga wannan lissafi ba, amma ya ciyar da mu, kyauta, shekara da shekaru.

Nuwamban da ya wuce na je gida. Kawu ya rasu da daɗewa, rumbun ma ya rushe, sandar ba wanda ya san inda ta shiga. Na yanko gora, na sa ɗan ƙanwata ya kamo mini fara. Ya yi mamaki da na ce ƙananan nake so. Muka yi tafiya mai nisa sama da inda muke zuwa da, har muka sami wani wuri da duwatsu suka hana tifa shiga, itatuwa biyar ko shida sun tsira a bakinsa. Na dafa kafaɗarsa na tambaye shi inda rana take. Muka zaga, muka rarrafa, gwiwoyina suna ƙara. Da muka leƙa, kawara bakwai muka ƙirga. Bakwai, a inda da za a ga ashirin ko talatin, amma suna nan, kawunansu na kallon inda ruwa ke fitowa. Yaron ya riƙe numfashi. Ya kama ɗaya a jifa na huɗu, hannunsa na rawa.

“Kawu, mu ƙara?”

Na ce a'a, ɗaya ta isa a nuna wa mamarsa. Ya dube ni kamar na yi masa rowa, sai na zaunar da shi na ba shi labarin rumbun iri. Ya saurara, sannan ya yi mini tambayar da har yau take damuna: in mu mun bari, wani ba zai zo gobe da gidan sauro ya kwashe ba?

Yaro ba zai iya amsa wannan ba, ni ma da nake zuwa sau biyu a shekara ba zan iya ba. Masu iyawa su ne masarautun Numana da Ninzo da Ayu, da hakimai da dagatai da masu unguwanni, tare da limamai da fastoci da shugabannin matasa da ardo-ardon Fulani, waɗanda shanunsu ke shan wannan ruwa. Roƙona gare su ƙarami ne, ba ya bukatar kasafin kuɗi ko zuwa Kaduna. Kowane ƙauye ya zaɓi gurbi ɗaya a rafinsa, mafi zurfi, a yi shela a kasuwa da masallaci da coci cewa daga Nuwamba zuwa saukar ruwa babu ƙugiya, babu koma, babu bututun inji a cikinsa, kuma ba a sare itacen da ke bakinsa. Wanda ya karya, a ci shi tara a bainar jama'a, ko ɗan wane ne. Ku kuma 'yan Sanga da ke Kaduna da Jos da Abuja, in kun zo gida hutun Disamba, ku ware safiya ɗaya ku gangara rafi da 'ya'yanku, ku ga abin da ya rage, sannan ku je ku zauna da mai unguwa.